Keffi a Cikin Leda

Tun kafin likita ya buɗe baki, ni na san idon mijina yana tafiya. Mutumin da a da yake hango tsakuwa a cikin shinkafa tun daga bakin ƙofa ya fara tsiyaya shayi a gefen kofi, sannan ya ɗora wa kofin laifi. Sunansa Gamaliel, amma tun da muka haifi ɗanmu na fari nake ce masa Baban Boaz, shi kuma ya ce mini Maman Boaz. Tsohon malamin firamare ne, mai tsabta, mai taurin kai. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce balle a kankare. Abin da ya tafi ya tafi, sauran kuma sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani.

A motar da ta dawo da mu gida na zaci zai tambaya yadda zai riƙa karanta Littafi Mai Tsarki, ko yadda zai riƙa tsallaka titi zuwa coci. Ina! Muna wuce shataletale sai ya ce, "Maman Boaz, to takarduna fa?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ga ni a gefensa na ƙunshe kuka tun daga asibiti, shi kuma hankalinsa yana kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Mafarin takardun nan abokinsa ne, Jethro, wanda ya koyar da zane a kwalejin horon malamai. Jethro ya yi karatu a Zariya, ya dawo da gemu da wando mai faɗin ƙafa da wata sana'a da ba wanda ya taɓa gani a unguwarmu. Sai ya sami katakon maɗaci ya goge shi sumul, ya zauna yana sassaƙa hoto a jiki da ƙarfen laima da ya wasa. In ya gama ya shafa baƙar tawada mai kauri, ya ɗan jiƙa takarda mai nauyi ya shimfiɗa a kai, ya sa a wani matsin ƙarfe da ya samo wurin masu ɗinka littattafan mishan. Ya yi ta murɗawa har jijiyar wuyansa ta fito. In aka ɗaga takardar, sai ka ga Keffi. Tsohuwar tasha da manyan motoci masu bodin katako, zaurukan unguwar Liman Abaji, kukar bakin kasuwa, Dutsen Maloni da awaki a gindinsa. Daga katako ɗaya yakan buga kaɗan ne, ya rubuta lamba da fensir a ƙasan kowace, ya ajiye katakon ba zai ƙara ba.

Mijina ya kamu tun ranar farko. Lokacin muna sabon aure, ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu biyu, amma ya shigo da takarda a tafin hannu yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da miya a faranti. Daga baya abin ya wuce na Jethro. In an tura shi kwas Jos ko Zariya, sai ya nemo ɗaliban zane ya dawo da nasu. Ya yi musaya da wani fasto a Akwanga, ya yi musaya da wani ma'aikacin gidan waya da aka yi wa canji zuwa Makurɗi. Sauran maza suna dawowa daga tafiya da atamfa, nawa yana dawowa da hoton jaki.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, hoton kukar nan guda uku yake da shi, iri ɗaya. Na ce, "Malam, wannan kuma kiwo kake yi, ko za su haihu ne?"

Ya ce in zo in duba. Na farko layukansa a tsaye, baƙin ya kama sosai. Na biyu tawada ta yi ƙaranci a gefe, sama ta yi haske kamar gari zai waye. Na uku kuma katakon ya fara tsagewa, wani siririn farin layi ya ratsa ta tsakiyar kuka. Ya ce duk wanda ya mallaki ɗaya ya ga hoto ne kawai, wanda ya jera uku ya ga ranar da Jethro ya yi aikin, tun ƙarfinsa har gajiyarsa. Na ce masa na gani, na koma kan tuwona. Gaskiya ban ga komai ba.

Ba ya rataye su a bango. Jethro ya ce masa takarda tana numfashi, rana kuma tana cin ta, don haka kowace tana kwance tsakanin fararen takardu a cikin akwati, da ganyen darbejiya a kusurwa saboda ƙwari. Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, in ya ci abinci, sai ya ce a kawo ruwa da sabulu. Ya wanke hannu, ya goge, ya jira ya bushe sarai, sannan ya buɗe akwati a baranda. Boaz yana yaro an kore shi daga barandar nan ya fi a ƙirga, saboda hannun manja.

Keffin da muka yi aure a cikinta ƙaramin gari ne. In mota ta tsaya a tasha da yamma, kafin a sauke kaya an san baƙon wane gida ne. Sai Abuja ta taso a gefenmu. Da farko labari muke ji, sai muka fara ganin tifofi suna kwasar yashi. Aka ba mu jiha, hedikwata ta tafi Lafiya, mu aka bar mu da hanya. Jami'a ta zo, gonakin gyaɗa suka zama filoti, 'yan acaɓa suka cika gari. Ma'aikatan da hayar Abuja ta koro suka cika unguwanni, su fita da duhu-duhu su dawo a gajiye, ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Boaz ma da ya girma ya sami aiki a wata ma'aikata can, ya shiga sahunsu, rabin ransa ya ƙare a cunkoson motocin Mararaba, kan hanyar Abuja. Aka faɗaɗa titi, aka sare kukar, aka tayar da tasha. Jethro bai ga ƙarshen aikin titin ba, ya rasu. Katakansa kuwa gara ta cinye su a sito kafin 'yan'uwansa su tuna da su.

A lokacin ne na fara rage tsiyar da nake yi wa akwatin. Wata Lahadi Hajiya Sakinatu, wadda muke cin kasuwa rumfa da rumfa, ta biyo ni gida karɓar saƙo, ta tarar da shi a baranda. Ta leƙa don ladabi kawai. Sai na ga ta dafa gini.

"Malam, wannan ai zauren Babanmu ne."

Zauren ya tafi da aikin titi, yanzu shagon sayar da tayal ne a wurin. Ta zauna a tabarma ta yi ta kallo, tana nuna dakalin da mahaifinta yake zama, da tagar da suke leƙen masu wucewa suna yara. Ba ta nemi ya ba ta ba, shi ma bai yi tayi ba. Amma daga ranar, duk bayan 'yan watanni takan zo ta ce, "Malam, a buɗe mini gidanmu." Shi kuwa ya yi ta hura hanci, yana kallona ta gefen ido.

To wannan akwatin ne ya tambaya a mota ranar da likita ya yanke mana magana.

Hasken ya riƙa tsukewa daga gefe, har ya zama kamar yana leƙe ta bakin kwalba. Na zaci zai daina buɗe akwatin. Sai ma ya ƙara, daga Lahadi ya koma kullum. Da farko yana kai takarda dab da hanci. Daga baya na lura ya rufe ido gaba ɗaya, yana bin ta da kan yatsu. Ashe matsin nan na Jethro ya bar sawu. Inda katako ya danna takarda ta lotsa, inda aka sassaƙe ta taso, tawadar kuma ta bushe da ɗan kaushi. Abin da mu masu ido ba mu taɓa kula da shi ba, shi ya zama hanyarsa.

Ya ɗauki abin kamar jarrabawa, ni ce kuma mai sa ido. Ya ce in cakuɗa su in miƙo masa ɗaya. Ya shafa bakin takardar, ya gangara tsakiya.

"Tasha ce. Ga tayar mota, ga kwandon kaji a sama."

"Ka ci."

"Wata."

Na miƙa. Ya daɗe a kanta, sannan ya yi murmushi. "Kuka ce, ta ukun. Ga tsagar."

Ranar da ya bi akwatin duka bai faɗi ko ɗaya ba, ya ce in yanka kaza. Ya ce, "Maman Boaz, yanzu idon ya tafi in zai tafi. Na kwashe kayana daga ciki." Na yi dariya, na shiga kicin na yi kukana. Daɗi na ji, da tausayi, da wani irin girmansa da ban taɓa ji ba duk zamanmu.

Boaz bai san wannan ba. Yana zuwa ƙarshen mako a gajiye, ya kawo magani da burodi, ya tambayi jiki, ya yi barci a kujera. Uban kuma ba mai nuna wa ɗansa rauni ba ne. In ya ji ƙarar motarsa sai ya rufe akwati, ya ɗauki rediyo.

Da damina ta kama aka ba mu shawara mu gwada wani asibitin ido a Kano, ko za a ceto ɗan abin da ya rage. Boaz ya shirya komai, ya sa mu a mota, ya ce zai riƙa kwana a gidan har mu dawo. Muna can aka yi ruwa da iska a Keffi, kwano ɗaya ya ɗaga a saman ɗakinmu. Ruwa ya kwanta a ƙasa, ya sami tsatsar gindin akwati ya shiga. Takarda biyu na ƙasa suka jiƙe a gefe. Boaz ya buɗe ya gani, hankalinsa ya tashi, don ya san ran ubansa a nan yake.

Sai a fahimci wani abu game da mu. A Keffi ta yanzu, abin da kake ƙauna leda kake sa masa. Tun da shagunan kwamfuta suka jeru a bakin jami'a, ba takardar da ta tsira. Satifiket, takardar haihuwa, katin baftisma, takardar fili, hoton aure, duk sai an kai an yi musu lamineshan, an manne su cikin leda da zafin inji. Ni kaina katin zumuntar mata na kai an yi mini, na dawo ina taƙama. Wanda bai yi wa takardunsa ba, sakarai ake ɗaukarsa. Boaz ya taso ya ga haka, a ofis ma haka. Don haka ya yi abin da ɗa nagari zai yi. Ya ɗauki akwatin ya sa a but ɗin motarsa.

A Kano ba a dace ba. Likitan ya yi mana magana mai daɗi, ya ƙara mana wani maganin ɗigawa, muka juyo. Kafin mu iso gida, mijina ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Mun tarar an share gida, an gyara kwano, an yi sabon fenti a ɗaki. Boaz yana ta murmushi, ya kama hannun ubansa ya zaunar da shi a baranda.

"Baba, na yi maka safrais. Ruwa ya so ya yi mana ɓarna, amma na yi maganin abin gaba ɗaya."

Ya jawo akwatin ya buɗe. Ni na fara gani. Suna jere, suna ƙyalli, kowace a sandare cikin leda kamar allon talla. Har bakin takardun, da yake ba daidai yake ba tun asali, an bi da abin yanka an daidaita shi tsaf.

"Duka na yi, Baba, ban bar ko ɗaya ba. Yarinyar shagon ta ce manyan ba za su shiga injinta ba, sai da na kai su Abuja. Yanzu ko a ruwa ka jefa su, no wahala. Ba sai ka wanke hannu ba ma. Jikokinka za su gani, jikokinsu ma za su gani."

Ya ɗauko ɗaya ya ɗora masa a cinya.

Na ga yatsun mijina sun sauka a bakin takardar, inda suka saba farawa. Suka gangara tsakiya. Suka koma sama. Suka zagaya, suka sake zagayawa, suna neman wurin kamawa, leda tana ɗan ƙara a ƙarƙashinsu. Ya juya ta baya ya shafa, nan ma sumul. Fuskarsa ba ta motsa ba.

Wuta ta taso mini tun daga ciki. Na buɗe baki zan ce, kai Boaz, wa ya aike ka, sai na ji ƙafar mijina a kan tawa, ya danna da ƙarfi. Makaho ne, amma ya san daidai inda ƙafata take da daidai lokacin da bakina zai buɗe.

"Ka sha wahala," ya ce. "Har Abuja."

"Ba komai, Baba. Ka gane wannan? Ka fi son ta ai."

"Na gane. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Boaz ya ce amin, idonsa har ya kawo ruwa don daɗi. Ya ci abinci, ya kama hanya kafin cunkoso ya haɗu.

Motarsa tana fita na fashe. Na ce gobe zan kira shi ya zo ya ɓare ledarsa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauko almakashi na yanka gefen wata ƙarama don in gwada, na ja a hankali. Ledar ta taso da tawadar a jikinta, ta bar farar takarda a saluɓe. Na tsaya da abin a hannu.

"Ajiye," ya ce. "Na ji ƙarar. Kada ki ƙara."

"Sai ya sani! Sai ya san abin da ya yi!"

"In ya sani zai mayar da su? Yaron nan ya ga ruwa a kan abin da ubansa yake so, ya ruga. Ni na hana shi taɓa su tun yana ƙarami, ta ina zai san da hannu ake ganinsu? In kika faɗa masa, ni na rasa takardu, shi kuma ya ɗauki kayan da ba zai sauke ba har ya mutu. Ki bar ni da asara ɗaya."

Ban faɗa ba. Har yau Boaz yana kawo abokansa na ofis ya nuna musu aikin da ya yi, ni kuwa in shige kicin.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gado, aka daina buɗewa. Mijina ya koma zaman rediyo. Ya rage ci, ya rage magana, har tsiyar da muke yi wa juna ya daina mayarwa, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. Hannuwansa suna kan gwiwa, wani lokaci in ga yatsun suna motsi su kaɗai a kan wando. Hajiya Sakinatu ta zo gaishe shi, ta ga yadda yake, ba ta ce a buɗe mata komai ba.

Wata rana da la'asar ina tsince wake a baranda, ya kashe rediyo.

"Maman Boaz, jawo akwatin."

Na jawo. Ya laluba ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya riƙe ta da hannu biyu, ya miƙo wajen da yake jin motsina.

"Wacce ce wannan?"

Na karɓa. Shekarun nan duka ina share ƙarƙashin akwatin nan, ina yi masa ba'a, ina miƙa takardu ina cewa ka ci, amma ban taɓa zama na kalli ɗaya don kaina ba.

"Rafi ne," na ce. "Da mutane."

"Haba. Wane rafi? Su wa? Haka za ki ba ɗalibi amsa?"

Na ture tiren wake, na goge hannu a zani, na karkata ledar don ƙyallin ya kauce. Rafin Antau ne, a mashigin da muke wanki kafin a yi gada. Ga faffaɗan dutsen da muke buga kaya a kai. Ga zannuwa an shanya a kan ciyawa. Na ji ƙamshin sabulun salo a hancina, na ji sanyin ruwan a idon sawuna. Wurin nan yanzu bayan wani otal ne, bola ake zubarwa. Na fara faɗa masa. Na ce ga mata uku a kan dutse, ɗaya ta goya yaro. Ya gyaɗa kai. Na ce ga wata tana hawowa gangare ita kaɗai.

"Tsaya nan," ya ce. "Tulun yana kanta, ko ta riƙe shi a ƙugu?"

Na ɗaga kai na dube shi. Na zaci jarrabawa ce irin tasa, na shirya in ce ai ka fi ni sani. Amma ba murmushi a fuskarsa. Goshinsa ya tattare, yatsunsa suna ta shafa gwiwa.

"Na manta, Paulina," ya ce. "A hannu na ajiye shi, ban ajiye a kai ba. Kullum sai na nemi wani abu in tarar ya tafi."

Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Boaz. Na matso da kujerata har gwiwarmu ta haɗu, na share idona don in ga hoton da kyau.

"Yana kanta," na ce. "Ta dafe shi da hannun hagu."

"Hagu," ya maimaita. Ya jingina da bango, ya rufe idon da ba ya gani. "Ci gaba. Amma a hankali, kada ki tsallake komai."